Shaida a Kan Aiki da Haƙƙin Gida: Darasi Daga Masu Jinyar Ƙarshen Rayuwa

 

Ya ku ƴan'uwa, akwai wata magana wadda ba ta da wuyar faɗa a bakinmu, alhali kuwa tana da nauyi a kan mizani. Ita ce mutum ya ce: "Na san shi, ku ɗauke shi aiki." Akwai kuma ƙanwarta, wato mutum ya ce wa abokinsa: "Zo wurinmu, aikin yana da kyau." Kusan kowanenmu ya taɓa faɗar ɗayan biyun nan, ko kuwa an taɓa faɗa dominsa. A wannan fitowa muna so mu auna waɗannan maganganu a wani wuri da kuskure ke da tsada ƙwarai, wato gidajen da ake jinyar marasa lafiyar da likitoci suka ɗebe tsammanin warkewarsu. Mun zaɓi wannan wuri ne don abin da ke ɓoye a sauran ayyuka, a can fili yake.

Wane irin aiki ne wannan?

Turawa suna kiran irin wannan gida hosfis. Wadda ta kafa shi bisa tsarinsa na zamani wata Baturiyar Ingila ce mai suna Cicely Saunders. Ta fara da aikin jinya, ta koma aikin taimakon jama'a, daga baya ta yi karatun likita. A shekarar 1967 ta buɗe gidan St Christopher's a kudancin birnin Landan, kuma a cikinsa ta rasu a shekarar 2005. Abin da ta lura da shi, shi ne ciwon mai shirin barin duniya bai tsaya ga jiki ba. Akwai tsoro, akwai damuwar iyali da za a bari, akwai tambayoyin ruhi. Ta kuma koyar da cewa a riƙa ba da maganin raɗaɗi bisa lokaci tsararre, kada a jira sai mara lafiya ya yi kururuwa.

Tsarin ya ƙetara Amurka a shekarar 1974, a jihar Kanetikat, kuma a 1982 gwamnatin ƙasar ta amince ta riƙa biyan kuɗinsa ga tsofaffi, da sharaɗin likitoci su yi kirdadon cewa saura wata 6 ko ƙasa da haka. Kirdado ne kurum, domin sanin ajali na Allah ne, kuma su kansu sun sha ganin wanda ya zarce lissafinsu. A Afirka kuwa, likita Anne Merriman ta kafa irin wannan aiki a Kamfala ta ƙasar Yuganda a shekarar 1993. A 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta maganin morfin, saboda ƙarancin likitoci a karkara.

A Amurka, mafi yawan wannan jinya a gidajen marasa lafiya ake yinta. Ma'aikaciya tana fita da safe, ta bi gida gida, ta duba raɗaɗi, ta wanke gyambo, ta koya wa iyali yadda za su juya mara lafiya, ta zauna da matar da ke kuka. Idan daren tsaronta ne, da waya take kwana, domin ana iya kiranta tsakar dare a ce numfashi ya canja. Sauran ma'aikatan asibiti suna ganin marasa lafiyarsu sun miƙe sun tafi gida. Ita kuwa, kusan duk wanda ta saba da shi, rakiyarsa za ta yi.

Kada wani ya zaci wannan aiki baƙo ne ga Musulmi. A shekara ta 5 bayan hijira, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Handaƙu, Annabi (S.A.W.) ya sa aka kwantar da shi a hemar Rufaida da ke cikin masallaci, don ya riƙa duba shi daga kusa. Wannan raunin ne ya zama ajalinsa. Ashe ke nan tun a Madina an san jinyar da ba a ga warkewa bayanta ba, kuma an girmama mai yinta.

Inda tambayar ta taso

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 56.8 ne ke bukatar jinyar sauƙaƙa raɗaɗi a kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu. A rahotonta na shekarar 2020 ta ce duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9. Saboda wannan ƙaranci, gidajen jinya da yawa a Amurka da Ingila sun ɗauki wata al'ada: sukan ce wa ma'aikatansu, duk wanda ya kawo wani da ya sani aka ɗauke shi, za a ba shi la'ada. Galibi ba a biya duka sai sabon ma'aikaci ya yi wasu watanni bai gudu ba.

To, mu ɗauka ga wata ma'aikaciya a irin wannan gida. Abokan aikinta biyu sun bar aiki, nauyinsu ya dawo kanta, rabonta da cikakken barci an kwana biyu. Tana da wata ƙawa mai takardar jinya, mai ƴaƴa ƙanana, wadda ke neman aiki ido rufe. In ta kawo ta, za ta sami la'ada, kuma za ta sami sauƙin dare. Ƙawar ta tambaye ta: "Yaya wurin yake?" Me ya wajaba ta ce? Shugaban wurin kuma ya tambaye ta: "Za ta iya?" Me ya wajaba ta ce?

Shaida ta farko: ga mai ɗaukar aiki

Mu fara da cewa yi wa mutum hanya zuwa aiki ba laifi ba ne a asalinsa. Alƙur'ani, a cikin suratul Ƙasasi, ya ba mu labarin ƴar dattijon Madyana wadda ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki. A cikin suratun Nisa'i kuma an sanar da mu cewa mai yin ceto kyakkyawa yana da rabo a cikin ladansa, mai yin mummuna kuma yana da kaso a cikin zunubinsa. Ku lura da wannan da kyau. Wanda ya yi hanya ya shiga tarayya cikin abin da zai biyo baya, alheri ne ko sharri.

Ƴar dattijon ta kafa shawararta a kan siffofi biyu, ƙarfi da amana, kuma duka biyun ta gan su da idonta a bakin rijiya da kan hanya. Ba ta ambaci talaucinsa ko baƙuncinsa ba, ko da yake a ranar shi mabukaci ne ƙwarai. Mu kuwa sau da yawa hujjarmu ita ce: "Yana da iyali, a taimake shi." Tausayi abu ne mai kyau, amma ba ya zama shaida. Abu Zarri (R.A.), da duk gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, ya nemi Annabi (S.A.W.) ya ba shi muƙami, sai ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, kuma abin amana ne. Mutumin kirki yana iya zama bai dace da wani aiki ba, kuma faɗar haka ba cin mutunci ba ne.

An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umaru (R.A.), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko hulɗar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai Umaru ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa sani ba. Ma'aikaciyar nan tamu sai ta yi wa kanta irin waɗannan tambayoyi. Ta taɓa ganin ƙawarta a kan aiki lokacin da ta gaji? Ta san yadda take yi da tsoho mai faɗa, wanda ciwo ya sa ya zama mai zagi? Ta aminta da ita a kan kwalbar morfin, maganin da ake ƙirgawa ana rubutawa saboda haɗarinsa?

Dalilin wannan tsanani shi ne akwai mutum na uku wanda ba ya cikin ɗakin lokacin da ake shawarar, wato mara lafiya. Ba shi da ƙarfin kai ƙara, wani lokaci ma ba shi da bakin magana. Idan an kawo masa hannu mai sakaci, ba zai rayu har ya ba da labari ba. Wanda ya ce "za ta iya" alhali bai sani ba, ya yi kyauta ne da haƙƙin wanda bai wakilta shi ba.

Shaida ta biyu: ga mai neman aiki

Wannan ita ce shaidar da aka fi mantawa. Mutane suna jin kunyar yi wa shugaba ƙarya game da aboki, amma ba sa ganin komai ne su ƙawata wa aboki wurin aiki. Alhali kuwa hadisi ya tabbatar da cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙawar nan tana iya karanta albashi a takarda, amma ba za ta ga yawan kiran dare a takarda ba, ko nisan hanya tsakanin gida da gida, ko dalilin da ya sa biyu suka gudu. Wannan sanin yana hannun ta ciki kaɗai.

Wani zai ce, faɗar aibin wurin aikinka ai giba ce, ko cin amanar wanda ke biyanka. Amsa ita ce, Faɗimatu ƴar Ƙaisu (R.A.) ta nemi shawarar Annabi (S.A.W.) a kan mutum biyu da ke neman aurenta, sai ya faɗa mata talaucin ɗayan da zafin hannun ɗayan, ya kuma nuna mata Usamatu. Daga nan malamai suka fahimci cewa ambaton aibi gwargwadon bukata, ga wanda zai yanke shawara a kansa, nasiha ne. Sharaɗi dai kada a ƙara gishiri, kada a huce haushi, kuma kada a tona asirin marasa lafiya.

Saboda haka abin da ya wajaba a kanta shi ne ta faɗi zumar ta faɗi harbin. Ta ce aikin yana da lada da natsuwar da ba a samu a wani wuri, domin kuwa da yawa daga masu yinsa suna faɗar haka. Sa'an nan ta ce: "Amma ga yawan dararen da za ki kwana da waya, ga yadda ake ƙarancin hannu, ki duba wa zai riƙe miki yara." In ƙawar ta ji ta shigo, ta shigo da idonta a buɗe. In ta fasa, an rasa la'ada, zumunci ya tsira.

Hukuncin la'adar

Sai mu rarrabe abu biyu. Na farko, kyautar da wanda aka yi wa hanya yake ba wanda ya yi masa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Umamata (R.A.) gargaɗi mai tsanani a kan wannan, inda aka kamanta karɓarta da shiga babbar ƙofa ta riba. Na biyu, ladan da mai wurin aiki ya sanya a fili ga duk wanda ya nemo masa ma'aikaci. Wannan ya fi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira ji'ala. Littafin Risala ya kawo misalinta da dawo da raƙumin da ya ɓace ko haƙa rijiya, ya kuma bayyana cewa ba a cancanci lada sai aiki ya kammala. A wannan fuska, kuɗin ba su zama haram don kansu ba.

Sai dai halaccin kuɗi bai kawar da haɗarinsu ga zuciya ba. Dillali da ya san la'adarsa tana rataye da ciniki, idonsa kan yi nauyin ganin ɗingishin doki. Don haka muna ganin sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ta sanar da ƙawarta cewa akwai la'ada, don ita ma ta auna maganarta da sanin haka. Na biyu, ta tambayi zuciyarta ko da babu kuɗin za ta faɗi abin da ta faɗa. Na uku ya fi ɓoyuwa. Tun da ba a biya sai sabuwar ta yi watanni, ranar da ƙawar ta zo tana kuka ta ce ba za ta iya ba, shaiɗan zai raɗa mata ta ce: "Ki ƙara haƙuri kaɗan." To, ta binciki wannan haƙurin da take bayarwa, don wa take ba da shi?

Kuma ku sani, la'ada ba ta tsaya ga kuɗi ba. Barcin da za ta samu idan an ƙara hannu, shi ma la'ada ne, wataƙila ma ya fi kuɗin jan rai. Ba laifi mutum ya nemi mai kama masa kaya. Laifin shi ne ya ce kayan auduga ne alhali dutse ne. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski: wadda ta kawo ƙawarta, ya zama haƙƙi a kanta ta tsaya mata a watannin farko, ta koya mata, ta karɓar mata dare idan ɗanta ya kwanta.

Tsakanin gadon mara lafiya da tabarmar gida

Yanzu mu dawo ga gajiyar da ta haifar da duk wannan. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata irin gajiya da nauyin aiki mai tsawo ke jawowa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Alama ta biyu ita ce abin tsoro ga mai jinya, wato ranar da za ta shiga ɗakin mai shaƙuwar mutuwa ta ji ba ta jin komai sai ƙosawa.

Buhari ya ruwaito cewa Salmanu (R.A.) ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i (R.A.), ya tarar da matarsa cikin tufafi marasa kyau, ta ce mijinta ba ya da bukatar duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azuminsa na nafila, ya hana shi tsayuwar farkon dare, sai a ƙarshensa suka tashi tare. Ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, sai ya ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.), ya gaskata Salmanu. Idan sallar dare ba ta isa hujjar tauye iyali ba, to aikin albashi, ko da na alheri ne, bai isa ba.

Mai hankali zai yi mana gardama ya ce: ai addini ya yabi fifita wani a kan kai, kuma mai mutuwa ba ya jira, yaro kuwa gobe ma yana nan. Wannan magana tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Amma mutum yana yin kyauta ne da abin da ya mallaka. Barcinta nata ne, tana iya sadaukar da wani sashe. Lokacin ƴaƴanta kuwa nasu ne, ba ta da ikon yin sadaka da shi kullum. Kuma yarinta ma ba ta jira, shekarar da ta wuce ba ta dawowa. Bayan wannan, jiki magayi. Hannun da ya kwana uku ba barci shi ne ke auna morfin, kuma kuskure kaɗan a wannan awo yana iya zama babba. Ashe hutunta yana daga cikin haƙƙin mara lafiyar kansa.

Ku tuna kuma Sayyidina Usmanu (R.A.) bai halarci Badar ba a shekara ta 2 bayan hijira, domin yana jinyar matarsa Ruƙayya, kuma aka ba shi rabo da lada irin na wanda ya halarta. Komawa gida don kula da naka ba gudu daga aikin Allah ba ne.

Duk da haka, akwai daren da lissafi ba ya warwarewa: waya ta buga cewa tsoho yana shaƙuwa, ga kuma ɗa yana zazzaɓi a gida. Duk inda ta nufa, zuciya za ta tsaya a ɗayan. Maganin irin wannan dare, tun da rana ake neman sa, kuma ba a wuyanta kaɗai yake ba. Kula da marasa lafiya farilla ce a kan jama'a, ba a kan mutum guda ba. Hadisi ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora to a taimake shi. Shugaban da ke biyan la'ada don a kawo sababbi, alhali bai gyara abin da ke korar tsofaffi ba, yana zuba ruwa ne a tulu mai huda, kuma yana amfani da zumuncin ma'aikatansa wajen toshe giɓin da shi ya bari.

Rabonmu a cikin wannan magana

Ya ku ƴan'uwa, mu a nan mafi yawan masu ciwon ajali a ɗakunanmu ake jinyarsu, kuma sau da yawa mace guda ce ke ɗauke da nauyin, ko ƴa, ko suruka, ko mata, ba albashi, ba canjin hannu. Mukan shigo gaisuwa, mu yi addu'a, mu ce mata sannu da ƙoƙari, mu tafi. Wani lokaci ma mu ne muka zaɓe ta muka ce "wance ce mai haƙuri", wannan kuwa shaida ce irin wadda muka yi ta magana a kanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu raba darare a tsakanin dangi, maza su karɓi abin da ya dace da su, maƙwabta su ɗauki girki ko riƙon yara.

Wanda kuma aka nemi ya yi wa wani hanya, a gidan likita ne, ko makaranta, ko shagon kasuwa, ya tuna bakinsa yana fuskantar wuri biyu. Ya faɗa wa mai ɗauka abin da ya sani game da mai nema, ya faɗa wa mai nema abin da ya sani game da wurin, in akwai abin da zai samu ya bayyana shi, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Wata rana ɗayanmu ne zai kwanta a kan wannan shimfiɗa, yana fatan hannun da ke juya shi an zaɓe shi bisa gaskiya, kuma an bar shi ya huta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, ya sa mu cika da imani. Amin.